Maƙwabtan Rasha bayan rushewar Soviet: wa zai zo in an kawo hari?

Ranar 8 ga Disamban 1991 wasu shugabanni uku suka keɓe a wani gidan saukar baƙi na gwamnati da ke dajin Belovezha a ƙasar Belarus: Boris Yeltsin na Rasha, Leonid Kravchuk na Yukren, da mai masaukinsu Stanislav Shushkevich. Ba su tashi ba sai da suka sa hannu a takardar da ta ce Tarayyar Soviet ta zama tarihi. Ranar 25 ga watan shugaban Soviet Mikhail Gorbachev ya ajiye mulki, aka sauke jar tutar nan mai guduma da lauje daga fadar Kremlin, ƙasa ɗaya ta tashi ta zama 15. Kafin nan, a Yulin shekarar, an riga an binne ƙawancen soja na Warsaw, wanda tun 1955 ya ɗaure Poland da Hungary da Cekoslovakiya da Romaniya da Bulgeriya a gindin Mosko. Yugoslaviya kuwa, wadda kwaminisancinta daban ne kuma ba ta taɓa shiga wancan ƙawance ba, tuni ta fara ci da wuta.

Idan aka haɗa duka, ƙasashe kusan 30 ne suka fito daga wannan tsari, daga bakin tekun Baltic har iyakar Afganistan. An samu tuta, an samu taken ƙasa, an buɗe ofisoshin jakadanci. Abin da ba a raba wa kowa ba shi ne amsar tambayar da ke hana shugaban ƙaramar ƙasa barci: in maƙwabci ya shigo da tankoki da asuba, wa zai zo? Siyasar ƙasashen waje ta wannan yanki, shekaru 30 da ɗoriya, neman amsar nan ce kawai. Kuma abin da shekarun suka nuna yana da ɗaci. Wanda ya shige cikin ƙawance mai haƙora ya tsira, wanda ya riƙe takardar alkawari ya sha wuya, wanda aka tsayar a bakin ƙofa aka ce ya jira shi ya fi kowa zubar da jini.

Sai an fara duba gadon da suka ci. Iyakokin da ke cikin Tarayyar Soviet da Yugoslaviya layuka ne da aka ja don sauƙin mulki, ba wanda ya zaci wata rana za a kafa musu shingen kwastan. A 1954 aka cire Kirimiya daga Rasha aka ba Yukren, ba wanda ya ɗaga kai, tunda duk gida ɗaya ne. Nagorno-Karabakh, mai rinjayen Armeniyawa a lokacin, yana cikin Azarbaijan. Rashawa kimanin miliyan 25 suka wayi gari a wajen Rasha, da yawansu a garuruwan da aka haife su. Barikokin sojan Soviet suna nan inda suke, bututun gas da layin dogo da wayoyin lantarki duk Mosko suka fuskanta. An rabu a takarda, amma jijiyoyin ba su rabu ba.

Waɗanda ke gefen yamma ba su tsaya doguwar shawara ba. Tun Fabrairun 1991 shugabannin Poland da Hungary da Cekoslovakiya suka haɗu a garin Visegrad suka ƙulla cewa tare za su ƙwanƙwasa ƙofar Turai. Wanda ya san tarihinsu ba zai yi mamakin wannan gaggawa ba. A 1939 Hitler da Stalin suka raba Poland tsakaninsu. A 1940 jami'an tsaron Stalin suka hallaka hafsoshin soja da 'yan bokon Poland kimanin 22,000, kisan da ya ɗauki sunan dajin Katyn. A wannan shekarar aka haɗiye ƙasashen Baltic, wato Estoniya da Latviya da Lituweniya, daga baya aka riƙa loda mutanensu a taragon dabbobi zuwa Saiberiya. Tankokin Soviet sun murƙushe boren Budapest a 1956, sun shiga Prague a 1968. Don haka da Rasha ta kwanta jinya a shekarun 1990, ɗan Warsaw da ɗan Vilnius suka ce a tsere tun kafin ta miƙe. Poland da Hungary da Jamhuriyar Cek suka shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 1999. A 2004 ƙasashen Baltic uku da Slovakiya da Sloveniya da Romaniya da Bulgeriya suka bi sahu, kuma a shekarar ce takwas daga cikin tsoffin ƙasashen kwaminisanci suka shiga Tarayyar Turai.

A nan gardamar da ba ta ƙarewa take. Mosko ta ce an yaudare ta. A Fabrairun 1990, ana cikin cinikin haɗewar Jamus, sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya faɗa wa Gorbachev cewa ikon NATO ba zai matsa gabas ko da inci ɗaya ba. Maganar baki ce, ba ta shiga yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba, amma an faɗe ta. Sai kuma 1999, lokacin da NATO ta shafe kwanaki 78 tana luguden wuta kan Sabiya saboda Kosovo ba da izinin Kwamitin Sulhu ba, abin da ya sa Rashawa suka daina yarda cewa ƙungiyar ta kare kai ce kawai. A taron tsaro na Munich a 2007 Vladimir Putin ya amayar da wannan fushi gaban manyan Turai. Ba ƙarya ba ne Rasha ta ji an raina ta. Sai dai masu cewa NATO ta cinye gabashin Turai suna tsallake abu guda: su ƙasashen ne suka yi ta naci. Amurka da farko jan ƙafa ta yi, ta ba su wani shirin ƙawance a 1994 wanda suka ɗauka ɗakin jira ne. Da Hungary ta yi ƙuri'ar raba gardama a 1997, kimanin kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa suka ce a shiga. Tsoron babbar ƙasa abin saurare ne, amma ba ya zama lasisin mallakar ƙananan da ke kewaye da ita.

Kariyar ma ba kyauta aka ba su ba. Da Amurka ta tashi mamaye Iraƙi a 2003, Faransa da Jamus suka ƙi, su kuwa sababbin abokan suka yi layi, har Poland ta karɓi jagorancin wani yanki na mamayar. Haushi ya sa shugaban Faransa Jacques Chirac ya ce da sun yi shiru da ya fi musu. Abin da ya fi wannan muni daga baya ya fito: Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta samu Poland a 2014, sannan Romaniya da Lituweniya a 2018, da laifin barin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta buɗe gidajen tsare mutane na ɓoye a ƙasashensu. Mutanen da jiya-jiya suka fito daga hannun 'yan sandan ciki, su ne suka ba da aron ɗaki a azabtar da wasu. Duk da haka, in maganar tsaro ake, sun ga amfanin abin da suka biya: kawo yanzu ba sojan Rasha da ya ƙetare iyakar wata ƙasar NATO da yaƙi.

Yanzu a dubi wadda aka sallama da takarda. Yukren ta wayi gari da kawunan nukiliya masu cin dogon zango kimanin 1,900 a ƙasarta, wato ita ce ta uku a duniya bayan Amurka da Rasha. Gaskiya ne makullin harba su yana Mosko, kuma kula da su na cin kuɗin da ba ta da shi. Amma dai abin ciniki ne mai tsada, kuma ta san haka. Amurka da Rasha, waɗanda a wannan karon bakinsu ya zo ɗaya, suka sa ta a tsakiya. Ranar 5 ga Disamban 1994 a Budapest, Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu cewa za su mutunta 'yancin Yukren da iyakokinta, ba za su yi mata barazana da ƙarfi ba, ba za su shaƙe ta ta hanyar tattalin arziki ba. Belarus da Kazakistan ma irin takardar suka samu. Wakilan Yukren sun so a ɗaure kai da cewa za a kare ta in an taɓa ta, Amurka ta ƙi. Iyakar abin da aka rubuta shi ne a tuntuɓi juna, kuma in aka yi mata barazana da nukiliya a kai maganar Kwamitin Sulhu, wato zauren da Rasha ke da ikon hawa kujerar naƙi. A 1996 kan nukiliya na ƙarshe ya bar ƙasar.

Kuskure na biyu a Bucharest aka tafka shi, a taron ƙolin NATO na Afrilun 2008. George Bush na Amurka ya so a ba Yukren da Jojiya shirin shiga ƙungiyar, Angela Merkel ta Jamus da Nicolas Sarkozy na Faransa suka ƙi. Maimakon a zaɓi ɗaya, sai aka rubuta jimlar da ta ce ƙasashen biyu za su zama mambobi, ba rana, ba shiri. Ban ga abin da ya fi wannan cutar da ƙaramar ƙasa ba: an tsokano mata faɗa, aka kuma bar ta a waje. Wata huɗu bayan nan yaƙi ya ɓarke a Jojiya. Binciken da Tarayyar Turai ta sa aka yi ya ce sojojin shugaban Jojiya Mikheil Saakashvili ne suka fara ruwan wuta kan Tskhinvali da ke yankin 'yan aware na Ossetiya ta Kudu a daren 7 ga Agusta, bayan doguwar tsokana, ya kuma ce martanin Rasha ya wuce gona da iri. Kwana biyar aka yi. Jojiya tana da sojoji 2,000 a Iraƙi suna taya Amurka. Jiragen Amurka suka kwaso su suka kawo gida, amma ba sojan Amurka ko ɗaya da ya zo ya tsaya mata. Rasha ta amince da Abkhaziya da Ossetiya ta Kudu a matsayin ƙasashe, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar ya fita daga hannun Tbilisi. Tun daga nan masu gadin iyaka na Rasha ke kafa waya mai ƙaya da koren allo a bakin ƙauyuka, lokaci-lokaci a matsa da su gaba. Akwai manoman da suka kwana da gonarsu suka tashi ta koma bayan waya, wanda kuma ya bi saniyarsa ya tsallaka sai a kama shi a ci shi tara.

Akwai masu cewa da Yukren ta zauna 'yar ba-ruwanmu da ba a taɓa ta ba. To, ta gwada. A 2010 gwamnatin Viktor Yanukovych ta kafa dokar cewa ƙasar ba za ta shiga kowane ƙawancen soja ba, ta kuma tsawaita wa rundunar ruwan Rasha hayar tashar Sevastopol da ke Kirimiya har zuwa 2042. Wannan doka tana aiki lokacin da Rasha ta ƙwace Kirimiya a Maris na 2014. Abin da ya kunna wutar yarjejeniyar kasuwanci da Tarayyar Turai ce, wadda Yanukovych ya fasa sa wa hannu a Nuwamban 2013, jama'a suka cika dandalin Maidan, ya tsere. Yaƙin da ya biyo baya a yankin Donbas na gabashin Yukren ya ci rayuka kimanin 14,000 kafin 2022, yarjejeniyoyin Minsk na 2014 da 2015 suka zama wata takardar da kowa ke karantawa yadda ya ga dama. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 aka shiga babban yaƙi. Ba nukiliya, ba ƙawance, ba tsuntsu ba tarko. Abin da maƙwabta suka karanta daga nan a fili yake: Finland, mai iyakar sama da kilomita 1,300 da Rasha, ta shiga NATO a 2023, Sweden ta bi ta a 2024 bayan shekaru kusan 200 tana gefe.

Moldova ita har a kundin tsarin mulkinta na 1994 ta rubuta cewa ba ta ɓangaren kowa. Hakan bai fitar da sojojin Rasha kimanin 1,500 daga yankin Transnistriya ba, inda 'yan aware ke riƙe da iko tun yaƙin 1992, duk da alkawarin janyewa da Mosko ta yi a taron Istanbul na 1999. A ƙauyen Cobasna har yau akwai rumbun tsoffin harsasai da bama-baman Soviet da aka ƙiyasta tan 20,000. Irin wannan rikici da aka bari ba a ci ba a cinye ba yana da amfani ga wanda ya ajiye shi: ƙasar da ba ta mallaki dukkan iyakarta ba, babu ƙawancen da zai yi gaggawar ɗaukarta.

To waɗanda suka zauna tare da Mosko fa? Su ma suna da nasu ƙawancen, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Tashkent ta 1992 ya zama ƙungiyar CSTO a 2002, kuma shi ma ya ce hari kan ɗaya hari ne kan duka. Ba wadda ta ba da gaskiya da shi kamar Armeniya. Ta bar wa Rasha sansanin soja a Gyumri, ta bar masu gadin Rasha a iyakarta da Turkiyya da Iran. A Satumban 2013 shugabanta Serzh Sargsyan ya je Mosko, ya dawo ya watsar da yarjejeniyar da aka daɗe ana shiryawa da Tarayyar Turai, ya sanar zai shiga ƙungiyar kwastan ta Rasha. Duk don Karabakh. Ita ma Armeniyar hannunta ba a wanke yake ba, domin a yaƙin farko da ya tsaya a 1994 dakarun Armeniyawa sun mamaye gundumomi bakwai da ke kewaye da yankin, dubban ɗaruruwan 'yan Azarbaijan suka rasa gidajensu. Azarbaijan ta yi shiru tana tara kuɗin mai, tana sayen makamai daga Turkiyya da Isra'ila, har da Rashar kanta.

A 2020 ta dawo da jirage marasa matuƙa, ta ci yaƙi cikin kwanaki 44. Mosko ta ce Karabakh ba ƙasar Armeniya ba ce, don haka ƙawance bai hau kanta ba, kuma a shari'ance ta yi gaskiya. Ta tura dakarun wanzar da zaman lafiya kusan 2,000. Amma a Satumban 2022 harin ya faɗa cikin Armeniya kanta, a wajejen Jermuk, aka kashe sojojinta kimanin 200. Ta nemi agaji a hukumance. Abin da CSTO ta aiko shi ne tawagar duba halin da ake ciki. A Nuwamban shekarar, a taron ƙungiyar da aka yi a Yerevan, Firaminista Nikol Pashinyan ya ƙi sa hannu a takardar bayan taro, Putin na zaune a teburin. Daga Disamba aka toshe hanyar Lachin, wadda ita kaɗai ke haɗa Karabakh da Armeniya, wata tara ana yunwa a gaban idon dakarun Rasha. Ranar 19 ga Satumban 2023 Azarbaijan ta gama aikin cikin yini guda. Cikin kimanin mako ɗaya Armeniyawa sama da 100,000 suka fice, motoci jere a kan hanyar dutse, katifu ɗaure a saman su, tafiyar 'yan sa'o'i ta koma ta kwana da yini ko fiye. A Fabrairun 2024 Armeniya ta dakatar da shiga harkokin CSTO, a Agustan 2025 kuma Pashinyan da Ilham Aliyev na Azarbaijan a fadar White House suka zauna kan maganar sulhu, ba a Kremlin ba.

Sau ɗaya CSTO ta taɓa tura sojoji, a Janairun 2022, lokacin da tarzoma ta girgiza gwamnatin Kazakistan. Wato kujerar shugaba take karewa, ba iyakar ƙasa ba. A Satumban 2022 mambobinta biyu, Kirgistan da Tajikistan, suka gwabza a kan iyaka har aka rasa rayuka kimanin 100, ba ta iya raba su ba. Su da kansu suka sasanta iyakar a Maris na 2025. Belarus kuwa ta nuna ƙarshen wannan hanya. Alexander Lukashenko, da ke mulki tun 1994, ya daɗe yana wasa da Mosko da Turai, har zanga-zangar 2020 ta tilasta masa jingina da Putin gaba ɗaya. Bayan shekara ɗaya da rabi daga ƙasarsa tankoki suka nufi Kyiv, a 2023 kuma aka sanar da dawo da makaman nukiliyar Rasha ƙasar da ta miƙa nata a shekarun 1990.

Wadda ta fi kowa iya raba ƙafa ita ce Kazakistan, kuma dole ce ta koya mata. Iyakarta da Rasha ta kai kimanin kilomita 7,600, kuma a ƙidayar 1989 Rashawa sun kusa kamo Kazakawa a yawa, galibinsu a arewa. Shugaba Nursultan Nazarbayev ya ɗauke babban birni daga Almaty a 1997 ya kai shi arewa, inda ake kira Astana yanzu. Ya ba kamfanin Chevron na Amurka rijiyoyin Tengiz, ya buɗe wa Sin ƙofa har Xi Jinping ya zaɓi Astana a 2013 don sanar da shirinsa na farfaɗo da hanyar siliki, bai kuma fita daga ko ɗaya cikin ƙungiyoyin Mosko ba. A Yunin 2022 magajinsa Kassym-Jomart Tokayev, yana zaune gefen Putin a dandalin taro a St Petersburg, ya ce ƙasarsa ba za ta amince da Donetsk da Luhansk, yankunan 'yan aware na gabashin Yukren, a matsayin ƙasashe ba. Makonni kaɗan bayan nan wata kotun Rasha ta ba da umarnin rufe bututun da ke kai mafi yawan man Kazakistan tashar Novorossiysk na kwana 30, wai saboda batun muhalli, daga baya aka mayar da hukuncin tara. Saƙo ya isa. Raba ƙafa dabara ce mai kyau, amma tana aiki ne muddin manyan suna da abin da ya sha musu kai, kuma suna buƙatarka.

Labarin bututun nan ya kai mu ga makamin da aka fi amfani da shi a yankin, wanda ba bindiga ba ne. A Janairun 2009 rikicin farashi tsakanin kamfanin gas na Rasha Gazprom da Yukren ya tsayar da gas na kusan mako biyu a tsakiyar hunturu, masana'antu suka tsaya a Bulgeriya da Slovakiya, makarantu suka rufe don sanyi. Lituweniya ce ta ɗauki darasin da gaske. Ta rufe tasharta ta nukiliya ta Ignalina a ƙarshen 2009 bisa sharaɗin Tarayyar Turai, ta koma ba ta da mai sayar mata da gas sai Gazprom, kuma farashin da take biya yana cikin mafi tsada a Turai. Sai ta ɗauko hayar wani ƙaton jirgin ruwa mai karɓar gas ɗin da aka mayar ruwa, ta girke shi a tashar Klaipeda a 2014, ta raɗa masa suna mai ma'anar 'yancin kai. An yi mata dariya, an ce asarar kuɗi ce. Tun jirgin bai iso ba Gazprom ta rage mata farashi da kimanin kashi 20 cikin 100, a Afrilun 2022 kuma ta zama ta farko a Tarayyar Turai da ta daina sayen gas ɗin Rasha kwata-kwata. A Fabrairun 2025 ƙasashen Baltic uku suka cire wayoyin lantarkinsu daga na Rasha da Belarus suka haɗa da na Turai. A ganina jirgin Klaipeda ya ƙara wa Lituweniya tsaro fiye da tarin takardun da ake sa wa hannu a manyan taruka.

Estoniya ita ta intanet aka fara gwada ta. A 2007, da ta ɗauke wani mutum-mutumin sojan Soviet daga tsakiyar Tallinn, aka yi makonni ana kutse da ya durƙusar da shafukan bankuna da jaridu da ma'aikatu. A 2021 Belarus ta riƙa jawo baƙin haure daga Gabas ta Tsakiya tana tura su dazuzzukan iyakar Poland da Lituweniya, bayin Allah suka mutu da sanyi tsakanin sojoji biyu. Wurare biyu ne masu tsara yaƙi ke yawan ambata. Ɗaya garin Narva, inda kusan kowa Rashanci yake ji, kogi kawai ya raba shi da Ivangorod ta Rasha, tsoffin ganuwoyi biyu suna kallon juna ta kan gada. Ɗayan kuma zirin Suwalki, tazarar kimanin kilomita 65 tsakanin Belarus da yankin Kaliningrad na Rasha, wanda in aka datse shi ƙasashen Baltic ba su da hanyar ƙasa zuwa sauran NATO.

A yankin Balkan ba Rasha ce ta kunna wutar ba, 'yan gida ne, amma darasin takarda bai sauya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa takunkumin makamai da ya bar Musulmin Bosniya hannu rabbana gaban Sabiyawan da suka gaji rumbunan sojan Yugoslaviya. Ta kuma ayyana Srebrenica tudun mun tsira. A Yulin 1995, dakarun Majalisar 'yan ƙasar Holland suna nan, aka ware maza da samari kimanin 8,000 aka kashe. Yarjejeniyar Dayton ta tsayar da yaƙin da ya ci rayuka kimanin 100,000, ta bar ƙasa mai shugabanni uku da ba ta iya yanke shawara ɗaya kan harkar waje. Kosovo ta ayyana 'yanci a 2008, Sabiya ba ta yarda ba, sojojin NATO suna can har yanzu. Ita Sabiya tana neman shiga Tarayyar Turai, ta ƙi sa wa Rasha takunkumi, tana karɓar jarin Sin. Cek da Slovakiya kuwa sun rabu ranar 1 ga Janairun 1993 ba a fasa ko gilashi ba, abin da ke nuna ba ƙaddara ba ce a rabu da jini.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke cikin gida ba ta gaza ta waje ba. A Yukren da Moldova da Jojiya 'yan tsirarun attajirai da suka kwashi dukiyar gwamnati a shekarun 1990 sun daɗe suna juya siyasa, sojojin Yukren na 2014 kuwa cin hanci ya riga ya cinye su kafin abokin gaba ya iso. Ƙuri'ar raba gardama kan shiga Tarayyar Turai da Moldova ta yi a 2024 da ƙyar ta haura rabi. Jam'iyyar da ke mulkin Jojiya ta dakatar da tattaunawar shiga Tarayyar a Nuwamban 2024, tana cewa ba za ta bari a mayar da ƙasar filin yaƙi na biyu ba. Ko cikin NATO kai ba a haɗe yake ba: Hungary ƙarƙashin Viktor Orban ta ba kamfanin Rosatom na Rasha kwangilar faɗaɗa tashar nukiliya ta Paks a 2014, ta sha jinkirta tallafin Turai ga Yukren, Robert Fico na Slovakiya ya bi irin wannan layi da ya dawo mulki a 2023. Ga kuma matsalar da ba a cika kawo ta cikin maganar tsaro ba: mutane na ƙarewa. Bulgeriya ta sauka daga kusan miliyan 9 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa kimanin miliyan 6.5 a ƙidayar 2021, Latviya daga sama da miliyan 2.6 zuwa ƙasa da miliyan 1.9. Samarin da za su riƙe bindiga suna ci-rani a Jamus da Ingila.

Mu nan ma abin ya shafe mu. Yaƙin 2022 ya taɓa farashin alkama da takin zamani har kasuwanninmu, ɗalibanmu da ke karatu a Kharkiv da Sumy sun ga tashin hankali kafin su fito. A Afrilun 2024 masu horar da soja na Rasha suka sauka a Yamai, a Agustan shekarar Mali da Nijar suka yanke hulɗa da Yukren. Duk mai shirin sauya ubangida a harkar tsaro, ko daga Paris zuwa Mosko ko akasin haka, ya karanta labarin Armeniya da na Jojiya tare, kada ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya.

Yanzu har waɗanda suka shige ciki sun fara waiwaye, domin Amurkar da suka dogara da ita ta fara lissafi da babbar murya. Donald Trump ya sha cewa wanda bai biya ba kada ya sa ran kariya, a taron Hague na Yunin 2025 kuma mambobin NATO suka amince su kai kuɗin tsaro kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasa. Poland ba ta jira ba, ta riga ta haura kashi 4, tana sayen tankoki daga Koriya ta Kudu da Amurka. Ita da ƙasashen Baltic da Finland sun sanar a 2025 cewa za su fita daga yarjejeniyar hana binne nakiyoyi. A Satumban shekarar jirage marasa matuƙa na Rasha kimanin 20 suka kutsa sararin samaniyar Poland, aka harbo wasu, aka kira taron tuntuɓa. Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO, wanda ya ce hari kan ɗaya hari ne kan duka, sau ɗaya tak aka yi aiki da shi tun 1949, bayan harin 11 ga Satumban 2001, kuma don Amurka aka yi. Sojojin Estoniya da Poland da Romaniya sun je Afganistan, wasunsu a akwati aka dawo da su. Ko Amurka za ta mayar da wannan biki ranar da aka taɓa Narva, ba a gwada ba tukuna.